Daga SAP Zuwa YouTube: Yadda Matsi Ya Haifi Sana'ar Fim

Mai karatu, in ka ji matashi yau yana kukan ya gama makaranta babu aiki, kada ka ɗauka sabon kuka ne. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, aikin gwamnati ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suka soma rage ma'aikata, masaƙun Kaduna ma daga baya suka bi sahu.

To, a cikin wannan ƙuncin ne wasu suka ɗauki biro. Kamfanonin ɗab'i sun ja baya saboda tsadar takarda, don haka marubuci ya koma shi ne mai bugawa, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Masana suka yi ta kiran abin "adabin kasuwar Kano", amma dai ya ciyar da gidaje.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Nan fa ƙofa ta buɗe. Kafin a ce kwabo, Bata da Ƙofar Wambai sun cika da dillalan kaset, an samu masu kyamara, masu tace hoto, mawaƙa, masu kwalliya. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma'aikacin gidan yari ne, ya ajiye kaki ya rungumi barkwanci. Ali Nuhu kuwa ya kammala digiri a Jami'ar Jos, bai tsaya jiran ofis ba, ga shi a 2024 an naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya.

Sai dai fa kada labarin waɗannan ya ruɗe ka. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, sannan ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007 aka sake dakatarwa. Masu satar fasaha suka zo suka karya kasuwar faifai, furodusoshi da dama jarinsu ya narke. Wa ya tsira? Mafi yawa waɗanda suka iya wani abu da hannunsu ne. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka kama a 2020, marubuci da mai kyamara da mai tace hoto aka fara nema. Wanda fuska kawai ya kawo, yayinsa na wucewa aka manta da shi.

Saboda haka ɗan'uwa, in kana auna tsakanin jiran takardar ɗaukar aiki da faɗawa harkar fim, ka tambayi kanka: me na iya wanda zai ci gaba da ciyar da ni ko kasuwa ta juya? Kaset ya wuce, faifai ya wuce. Ka je ka koyi aikin tukuna, suna ya same ka a kai.