Tarihin Birkin Babur a Kiyawa da Kewaye

Babur ya daɗe da zama abin hawan yau da kullum a Kiyawa da ƙauyukanta. Tun yankin yana cikin jihar Kano, malaman makaranta da ma'aikata ke hawan Honda da Suzuki da Yamaha ƙirar Japan. Bayan ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, zirga-zirga ta ƙaru, sana'ar acaɓa ta kankama. Sai Jincheng na Sin ya shigo da araha, daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya mamaye hanyar kasuwar Shuwarin.

Ƙira ta sauya, amma birkin bai sauya ba. Kusan duk waɗannan babura birkinsu na cikin cibiyar taya ne: a ja waya ko a taka ƙarfe, takalman birki su buɗe su matse bangon ciki. Idan aka matsa da ƙarfi taya takan kulle, babur ya ja ƙasa. Shi ya sa 'yan acaɓa da yawa ke tsoron birkin hannu suna dogara da na ƙafa, alhali tayar gaba ce ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa. Wannan tsoro yana tsawaita tazarar tsayawa, tazarar da takan ninka sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu.

Na'urar ABS domin hana kullewar taya aka yi ta. Tana auna juyawar taya, ta saki birki ta sake kamawa sau da dama cikin daƙiƙa guda. Da jiragen sama ta fara, Mercedes da Bosch suka sa ta a mota a 1978, BMW ya kawo ta babur a 1988. A kan kwalta, musamman bayan ruwan sama, tana bai wa mahayi damar damƙe birkin gaba ba tare da ya faɗi ba. A yashi da burji kuwa, irin hanyoyin ƙauyukan Jigawa, takan ƙara tazarar tsayawa, domin taya kullalliya tana tara ƙasa a gabanta.

Tarayyar Turai ta wajabta ABS daga 2016, Indiya ta kammala tata dokar a 2019, duk a kan baburan da injinsu ya haura 125cc. Ƙananan baburan acaɓa ba su kai wannan girma ba, don haka dokokin suka tsallake su.