Agajin Mishan da Sake Gina Gidaje Bayan Bala'i

Agajin mishan shi ne taimakon da coci-coci da ƙungiyoyin Kirista ke kai wa mutanen da ambaliya, guguwa, fari ko girgizar ƙasa suka raba da muhallinsu. Yakan fara da abinci, magani, tabarmi, barguna da gidan sauro. Sashensa mafi tsada da cin lokaci shi ne mayar da iyali ƙarƙashin rufin kansu, kuma a nan ne ake gane ƙungiyar da ta zo aiki da gaske. A ƙasar Zamfara, musamman Gusau, Tsafe da Bunguɗu, ba a fahimtar wannan aiki sai an haɗa shi da tarihin zuwan mishan ƙasar Hausa da kuma irin ginin da mutanen wurin ke kwana a ciki.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka aka daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka kafa a 1893, ta samu ƙofa ne a ƙarshen shekarun 1930 ta hanyar jinyar kutare, a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Daga aikinta cocin ECWA ta fito a 1954. A ɓangaren Katolika, an kafa yankin Sakkwato a 1953 aka damƙa shi ga limaman Dominikan daga Amurka, waɗanda suka fara zama a Gusau, garin jirgin ƙasa da cinikin auduga da gyaɗa. A 1956 sistoci daga jihar Kansas suka iso garin suka kama aikin jinya da koyarwa. Ke nan tun asali hannun mishan a nan ya fi ƙarfi a asibiti da makaranta. Agajin gaggawa ya biyo baya, kuma yau 'yan ƙasa ne ke riƙe da shi, ta ofisoshin adalci da raya ƙasa na Katolika, da Caritas Nigeria da aka kafa a 2010, da gudummawar da majami'u ke tarawa ranar Lahadi.

Bala'in da ya fi cin gidaje a yankin shi ne ruwa. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau da Bunguɗu, kuma a watannin Agusta da Satumba yakan cika ya malala cikin fadamu da unguwannin da ke kwari. A ƙarshen Satumbar 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi. Rahotannin lokacin sun ce mutum kusan 40 suka rasu, gidaje kimanin 500 suka rushe. A 2010 ruwan madatsar Goronyo ya mamaye ƙauyuka a jihar Sakkwato, a Agustan 2024 kuma ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi. A faɗin Nijeriya, ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600.

Yadda gidan ƙasa ke faɗuwa shi ke nuna irin taimakon da ya dace. Ginin tubali yana iya shekaru masu yawa idan ana sabunta masa yaɓe kafin damina, aka shafe shi da makuba, aka gyara indararo don ruwan soro ya zuba nesa da bango. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi ya danne ta, sai ɗakin ya rufta, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Rumbu yakan tafi tare da ɗakin, iyali su rasa makwanci da abincin shekara a dare ɗaya. Guguwar farkon damina kuwa kwano take yayewa, musamman inda kafinta ya yi rowar ƙusa ko bai ɗaure katako da bango ba. Saboda haka agaji mai amfani ba lallai ne ya zama gidan bulo sabo fil ba. Tushen dutse da siminti da ya ɗaga bango sama da inda ruwa ya kai, da lambatun da zai fitar da ruwa daga unguwa, da bandir ɗin kwano da aka ɗaure da kyau, sun fi yi wa talaka amfani, domin kuɗin gida ɗaya na zamani yana iya tsayar da ɗakuna da dama. Magina na gari sun san wannan, kuma gayya tana nan. Ƙungiyar da ta kawo kayan aiki ta bar wa mutane ginin da hannunsu takan bar gidan da mai shi zai iya gyarawa baɗi.

Misali mafi shahara na agajin mishan bayan bala'i a ƙasar Hausa ya faru ne a Maraɗi, kuma fari ne ya jawo shi. A yunwar 1984, ma'aikacin SIM Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya haɗa rabon abinci da sharaɗin manoma su bar kututturan itatuwan gonakinsu su tofo, su riƙa yi musu sassabe. Dabarar ta bazu a kudancin Nijar, ta dawo da itacen girki da sandunan rufin ɗaki a inda suka yi wuya. A arewa maso gabashin Nijeriya kuma cocin EYN ta rufa wa iyalai da yawa gidajensu bayan 2014, sai dai can wutar Boko Haram ce ta ci gidajen.

A duniya, sake gina gidaje ya zama fanni mai zaman kansa. Ƙungiyar Mennonite Disaster Service ta faro a Kansas a 1950. Millard Fuller da matarsa Linda sun gwada gina gidajen talakawa a Mbandaka ta ƙasar Zayar kafin su kafa Habitat for Humanity a 1976, bisa tsarin mai gida ya zuba guminsa a ginin. Wurin da ya fi kama da Zamfara shi ne lardin Aceh na Indonesiya, yankin Musulmi mai aiki da shari'a. Bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, ƙungiyoyin Kirista irin su Catholic Relief Services da World Vision sun gina dubban gidaje a can, mafi yawansu na Musulmi.

Aikin bai rabu da zargi ba, kuma zargin yana da tushe. A farkon 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna WorldHelp ta bayyana shirin kwashe marayu 300 na Aceh zuwa gidan renon Kirista, gwamnatin Indonesiya ta hana. A Haiti, bayan girgizar ƙasa ta 2010, an kama Amurkawa 10 'yan Baftis suna ƙoƙarin fita da yara 33 ba tare da takardu ba. Irin wannan ne ke sa mai gida ya yi ɗari-ɗari da kwanon da aka kawo masa. Ƙa'idar aikin agaji ta 1994, wadda Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka tsara, har da Caritas da Majalisar Coci-cocin Duniya, ta ce buƙata kaɗai ake dubawa wajen rabo, kuma ba a amfani da agaji don tallata addini ko siyasa. A Zamfara, jihar da ta ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, inda Kiristoci suke 'yan tsiraru, wannan ƙa'ida ita ce sharaɗin samun shiga. Hanyar da ta fi kawar da shakku ita ce a rubuta sunayen waɗanda suka yi asara a gaban mai unguwa da liman da fasto, a yi rabon a fili, a fara da zawarawa, tsofaffi da marayu.

Nauyin farko yana wuyan hukuma, wato hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da aka kafa a 1999, da takwararta ta jihar, sai dangi, masallatai da hukumar zakka. Agajin coci ƙari ne a kan waɗannan. Babban cikas a yau shi ne rashin tsaro. Hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa da ƙauyukan cikin Bunguɗu sun sha hare-haren 'yan bindiga, har kai siminti da kwano wasu garuruwan ya zama kasada ga direba da magini. Iyalai da dama da suka gudo cikin Gusau suna zaune a kangaye da gefen kwari, wuraren da ruwa ke fara ci idan gulbi ya cika.