Dukiyar Talaka a Hannun Mai Mulki: Tarihin Amanar Baitulmali a Ƙasar Kano

Gabatarwa

A yammacin jihar Kano akwai ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, ƙasar noma da kiwo wadda ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Cikin mazaɓun Karaye akwai wadda ake kira Daura, takwarar Daurar Bayajidda a suna kawai. Manoma da makiyayan wannan yanki, kamar sauran talakawan gundumomin Kano, sun shafe shekaru masu yawa suna biyan haraji da jangali, har zuwa 1979 da aka soke su. Wannan maƙala tana bibiyar tarihin wannan dukiya ne: wa ya mallake ta, wa aka damƙa wa ita, kuma wa yake da ikon tuhumar wanda aka damƙa wa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, amanar dukiyar jama'a tana tsayuwa ne bisa abubuwa uku: rubutaccen lissafi, da mai bincike, da kuma bakin mai dukiyar. Duk lokacin da aka rasa ɗaya, makaranta da asibiti da ruwan sha su ne suke fara ji a jika.

Matsayin amana wurin fuƙaha'u

Fuƙaha'u sun bambance tsakanin hannun amana da hannun lamuni. Wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai fa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Shugaba da ma'aji da mai karɓar zakka duk hannunsu na amana ne, saboda haka sakaci kaɗai ya isa ya ɗora musu alhaki, ko da ba su ci ko anini ba. Malaman tafsiri sun ambata cewa aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mayar da amanoni ga masu su, ta sauka ne game da mabuɗin Ka'aba da aka mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha, sannan hukuncinta ya game duk wani majiɓincin al'amari. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyautar da aka yi masa. Manzon Allah (SAW) ya yi inkarin haka a bainar jama'a, domin da yana zaune a gidan iyayensa da babu mai kawo masa ita. A cikin wannan ƙissa akwai lissafi, akwai bincike, akwai kuma sanar da jama'a.

Abin da malaman ƙasar nan suka rubuta

Kano ta san wannan karatu tun ƙarni na 15. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya zauna a birnin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta masa Tajud Din fi ma Yajibu alal Muluk. Babi biyu na ƙarshen littafin sun tsaya ne a kan tara dukiya ta hanyar halal da kashe ta a inda shari'a ta ajiye. Ya shawarci sarki da ya riƙa bin diddigin dukiyar ma'aikatansa, ya kuma yi ta maimaita gargaɗi a kan haɗarin ɓuyan sarki ga talakawansa.

Bayan ƙarni uku, jagororin jihadi suka sake ɗaga maganar. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa kuɗaɗen da sarakunan Haɓe suke ɗora wa jama'a da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya sanya su cikin alamomin mulkin zalunci. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa, kafin a ci Alƙalawa a 1808, ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas saboda son duniya da ya fara gani a cikin jama'a. Da ya iso Kano mutanenta suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya sanya kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Ka'idar dai ta zauna daram a rubuce. Abin da ya rage shi ne yadda za ta bar takarda ta shiga aiki.

Baitulmalin En'e

Turawa sun ci Kano a 1903. A tsakanin 1907 da 1908 Razdan Cargill ya sake fasalin gundumomi, aka fitar da hakimai daga birni zuwa ƙasashensu domin tattara haraji. Wajen 1910, zamanin Sarki Abbas, aka kafa baitulmalin En'e: aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, gwamnatin Turawa tana ɗaukar rabin haraji, rabi yana shiga hannun Ma'aji. Turawa sun yi haka ne domin buƙatar mulkinsu, kuma jangalin da Shehu ya soka yana cikin abin da ake karɓa. Duk da haka, tsarin ya raba aljihun sarki da asusun ƙasa a rubuce, ya kuma tilasta kasafin shekara.

Amfanin wannan rabuwa ya bayyana a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953). Daga baitulmalin aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa zuwa birni tare da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, aka gina asibitin birni. A fagen ilimi aka buɗe makarantar Shahuci a 1928, sannan makarantar koyon shari'a a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A harabarta ne aka dasa kwalejin da ta girma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Alƙalai da malamai masu yawa na Arewa sun sha daga wannan rijiya, kuma gumin manomin gyaɗa da auduga ne ya haƙa ta.

Sai dai akwai giɓi. Manyan ayyukan nan duk a birni suke, alhali mafi yawan masu biyan haraji a karkara suke. Gunduma ba ta wuce samun elementare da ɗakin shan magani a garin hakimi, ƙauyuka kuwa sai makarantar allo wadda jama'a suke ɗauke da ita da zakkar hatsi da kuɗin Laraba. Lissafi yana nan, mai bincike yana nan, amma Razdan ake kai wa bayani. Talakan da ya biya ba shi da ƙofar da zai tsaya ya tambaya.

Ranar hisabi

Wannan giɓi ne ya haifi siyasar 1950. A watan Agusta na shekarar aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano da manufar 'yanta talaka, a watan ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyara tsarin En'e a majalisar Arewa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki harkokin kuɗin En'e ta Kano, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da komawarsa Azare. Masana tarihi sun yi saɓani game da rawar da takun-saƙa tsakaninsa da Sardauna ta taka a lamarin. Darasin da ke ciki shi ne, binciken da ba a saba yi a kai a kai ba, ranar da aka yi shi sai a ɗauke shi makamin siyasa, gaskiyarsa ta cakuɗe da zargi.

Bayan soke haraji

Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a duk ƙasa, a shekarar ne kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano. Talaka ya huta da wulaƙancin da ke tattare da karɓarsu, amma wani abu ya sauya: kuɗin ƙaramar hukuma ya koma zuwa daga asusun tarayya, mafi yawansa na man fetur. Wanda ya sayar da akuyarsa ya biya haraji ya san yana bin bashi. Kuɗin da ya sauko daga sama kuwa, da yawa sun ɗauke shi dukiyar da ba ta da mai ita. A shari'a hukuncinsu ɗaya ne, domin duka na baitulmali ne.

Yankin Karaye ya sake ba da nasa kaso a 1992, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasarsa, aka tashi ƙauyuka, ruwa ya ci gonaki, domin birni ya sha kuma masu noman rani su samu. A 2019 aka ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe, aka maido ta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Karaye da Rogo. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya matso da amana kusa da mai ita ko ya nesanta ta, amma babu wanda zai wadatar idan mai ita ya yi shiru.

Kammalawa

Malaman da suka gabata sun rubuta ka'ida, En'e ta kawo littafin lissafi, siyasa ta buɗe bakin talaka, amma da wuya aka ga ukun sun haɗu a lokaci guda. Nauyin haɗa su ya fi rataya a wuyan malamai da ɗaliban ilimi, domin su jama'a suke saurara a masallaci da zaure. Wajibi ne a karantar da cewa kason wata na ƙaramar hukuma ajiya ce, malamin da ya karɓi albashi bai shiga aji ba ya yi sakacin da ke wajabta lamuni, kuma manomin Daura da ya tambayi inda kuɗin rufin makarantar garinsu ya shiga haƙƙinsa ya nema, bai yi rashin ladabi ba. Allah shi ne mafi sani.