Yanka Nawa Ne Daidai? Tarihin Pizza da Gishirin da Ke Cikinta

Idan aka buɗe kwalin pizza a tsakiyar jama'a, akwai lissafin da kowa yake yi a zuci ba tare da ya furta ba: yanka nawa zan ɗauka kafin a ce na yi haɗama? A Italiya tambayar ba ta cika tasowa ba, domin a gidajen cin abincinsu kowa tasa ake kawo masa guda cur a faranti, ya sa wuƙa da cokali mai yatsu ya cinye abarsa. A Amurka kuwa babba ake yankawa gida takwas a ci tare. Ke nan abin da ake kira daidai ya danganta da inda mutum yake zaune. Sai dai kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai abin da mutane suka saba ci, akwai kuma abin da jiki zai iya ɗauka shekara da shekaru bai jigata ba. Tarihin pizza yana nuna yadda waɗannan ma'aunai biyu suka raba hanya, kuma gishiri ne babban dalili.

Abincin da aljihu ke aunawa

Kalmar pizza tsohuwa ce. An same ta a wata takarda da aka rubuta da Latin a garin Gaeta a shekarar 997. Amma pizzar da duniya ta sani a yau 'yar birnin Napoli ce, kuma ba ta kammala siffarta ba sai da tumatir, wanda Turawa suka kawo daga nahiyar Amurka a ƙarni na 16, ya samu shiga tukunyar talaka bayan dogon lokaci ana ɗari-ɗari da shi.

A ƙarni na 18 da na 19, Napoli na cikin biranen Turai mafi cunkoso. Dubban talakawanta suna kwana ne a ɗakunan da ba su da wurin girki, suna wuni a bakin teku suna dako da aikin ƙarfi. Mutumin da ba shi da murhu, ba shi da lokaci, abin da yake bukata shi ne abinci mai araha da zai ci a tsaye. Pizza ta biya wannan bukata: kwaɓin fulawa ne da ake baza shi, a shafa masa kitse ko man zaitun, a barbaɗa tafarnuwa da gishiri, wani lokaci a ƙara tumatir ko ƙananan kifi, a jefa a tanda. Marubucin Faransa Alexandre Dumas, wanda ya ziyarci birnin a 1835, ya lura cewa talakawan Napoli kankana ce abincinsu da zafi, pizza kuma da sanyi. 'Yar jarida Matilde Serao ta rubuta a 1884, shekarar da kwalara ta yi wa birnin ɓarna, cewa da ƙaramin kwabo guda ake sayen yanka a hannun masu talla. Har bashi ake ci: akwai tsarin da mutum zai ci yau ya biya bayan kwana takwas.

A wancan zamani babu mai tambayar yanka nawa ya kamata ya ci, aljihu ne yake yanke hukunci. Wanda ya ci yanka ɗaya a matsayin abincin rana, ya koma ɗaukar kaya yana zubar da gumi, yunwa ce damuwarsa.

Labarin da aka fi yayatawa shi ne na 1889, lokacin da aka ce wani mai gasa pizza, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita wadda aka haɗa da tumatir da cuku da ganyen ɗaɗɗoya, launukan tutar Italiya, aka kuma raɗa mata sunan sarauniyar. Masana tarihi suna shakkar ingancin wasiƙar fadar da ake kafa hujja da ita, kuma an san irin wannan haɗi tun kafin ziyarar. Ko ma yaya ne, labarin ya yi amfani wajen wanke pizza daga sunan abincin matsiyata.

Yadda Amurka ta faɗaɗa faranti

Tsakanin 1880 da 1920, 'yan Italiya kimanin miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu daga kudancin ƙasar. Sun tafi da tandarsu. Shagon Lombardi's na New York, wanda ake danganta buɗe shi da 1905, yana cikin na farko-farko. Shekaru da dama pizza ta kasance abincin unguwannin baƙi, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bazu ko'ina. A Chicago an fito da mai zurfi kamar kasko a 1943. An kafa Pizza Hut a 1958, Domino's kuma a 1960. Firiji ya shiga gidaje, sai ga pizzar ƙanƙara a kantuna. Mota da wayar tarho suka sa ana kawo ta har ƙofar gida.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya taɓa abin da ke kan farantin. A Napoli cuku ɗan ɗigo ne nan da can, a Amurka ya zama mayafi mai rufe pizzar baki ɗaya. Nama da aka adana da gishiri, irin su pepperoni, ya zama abin da aka fi so a ɗora. Fadi ya ƙaru, domin kamfani ya fi samun riba idan ya sayar da babba, mai saye kuma yana ganin ya ci araha. Pizza ta tashi daga abincin ɗan dako ta koma abincin mai zaune a gaban talabijin. Wani bincike da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar a 2014 ya nuna cewa a kowace rana, kusan mutum ɗaya cikin takwas a ƙasar yana cin pizza, kuma a ranar da ya ci, ita kaɗai take ba shi wajen kashi ɗaya bisa uku na sinadarin sodiyam da ya shiga cikinsa.

Ko ma'aunin da ake bugawa a jikin kwali bai warware matsalar ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki giram 140 a matsayin kason pizza na mutum ɗaya, amma dokar ta ce a ciro irin wannan adadi daga abin da mutane suka saba ci. Hoton ɗabi'a ne, babu shawarar likita a cikinsa.

Inda gishirin yake ɓuya

Mai karatu zai iya cewa ai pizza ba ta da ɗanɗanon gishiri kamar kilishi ko gyaɗa mai gishiri. A nan wayon yake. Gishirin ya rabu ne hawa-hawa. Yana cikin kwaɓin, inda yake ƙarfafa shi ya kuma rage wa yis gudu. Yana cikin cuku, domin da shi ake adana shi. Yana cikin miyar tumatir, yana cikin naman. Kitse da zaƙin tumatir sai su lulluɓe shi, harshe ya kasa kama yawansa.

Ga lissafin. Matsakaicin yanka na pizzar cuku irin ta manyan kamfanonin Amurka, mai nauyin giram ɗari da 'yan kai, yana ɗauke da sodiyam wajen miligiram 640, wato gishiri kusan giram 1.6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yanka biyu sun cinye kusan kashi biyu bisa uku na rabon yini. Yanka uku sun kusa cinye shi duka. Wanda ya share kwali mai yanka takwas ya haɗiye gishirin kwana biyu da rabi a zama ɗaya.

Ta gargajiyar ma ba ta tsira ba. Ƙungiyar da aka kafa a Napoli a 1984 don kare pizzar asali ta ƙayyade gishiri giram 40 zuwa 60 ga kowace litar ruwa, da fulawa sama da kilo ɗaya da rabi. Idan aka raba wannan kwaɓi zuwa curi mai giram 250, kowane curi zai tashi da gishiri wajen giram 4 zuwa 5, tun ba a ɗora komai a kai ba. Sana'ar da UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2017 abar alfahari ce, amma ƙoda ba ta san da wannan karramawa ba.

Yadda aka gano illar

Sanin alaƙar gishiri da hawan jini ya girmi Pizza Hut da fiye da shekara hamsin. A 1904 wasu likitocin Faransa biyu, Ambard da Beaujard, suka lura cewa jinin marasa lafiyarsu yana sauka idan an rage musu gishiri. A shekarun 1940 Walter Kempner ya yi ta jinyar masu matsanancin hawan jini a Jami'ar Duke da abincin shinkafa da 'ya'yan itace, wanda kusan babu gishiri a cikinsa. A 1988 binciken Intersalt ya auna fitsarin mutum sama da 10,000 a ƙasashe 32, ya kuma gano cewa a cikin al'ummomi irin su Yanomami na dajin Amazon, waɗanda kusan ba sa cin gishiri, jini ba ya hawa da tsufa yadda yake yi a sauran wurare. A 2021 wani gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin ya nuna cewa maye gurbin kashi ɗaya bisa huɗu na gishirin girki da sinadarin fotasiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari.

Yadda abin yake aiki ba shi da sarƙaƙiya. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, shi ya sa ƙishirwa take tashin mutum cikin dare bayan ya ci pizza. Ruwan yana ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi, matsi ya ƙaru, ƙoda ta duƙufa fitar da rarar. Idan hakan ya zama na kullum, jijiyoyi sukan ƙage, zuciya ta wahala, ƙodar kanta ta raunana. Hawan jini kuwa ba ya sallama, yakan yi shekaru a jiki ba alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matsakaicin abin da baligi yake ci a duniya ya haura giram 10 a rana, ninki biyu na ƙa'ida, kuma mutuwar mutum kusan miliyan 1.9 a shekara tana da nasaba da hakan.

Wannan ba ya nufin walimar dare ɗaya za ta kwantar da lafiyayye. A 2020 masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila suka sa maza 14 masu ƙoshin lafiya su ci pizza har su ƙoshi, a wata ranar kuma su ci har su kasa ƙara loma. A zama na biyu sun ci ninki biyu, sama da kalori 3,000, amma sukarin jininsu bai fita daga ƙa'ida ba. Jiki yana jure wuce gona da iri na lokaci guda. Maimaitawa ce take cin sa.

To, yanka nawa?

Ga lafiyayyen baligi, yanka biyu na babbar pizza, tare da ganye ko 'ya'yan itace, abinci ne cikakke, muddin sauran abincin ranar ba mai gishiri ba ne. Uku sun kai iyaka. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya, likitansa ne zai faɗa masa kasonsa, kuma ba mamaki ya gaza haka. Yara kasonsu bai kai na manya ba. Mai sirin ɓawo da kayan lambu ta fi mai nama da ninkin cuku sauƙi.

Lissafin ya shafe mu, domin tun da Domino's ta buɗe a Legas a 2012, pizza ta zama abincin fita da iyali a manyan biranen Najeriya. Ta kuma iske mu da namu gishirin: dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a kowace miya, wanda gishiri ne kaso mafi girma a cikinsa, ga yajin tsire, ga taliyar leda, ga burodi. Yanka uku da daddare a kan miyar rana mai dunƙule huɗu, lissafi ya riga ya ɓaci.

Birtaniya ta gwada wata hanya da ba ta dogara ga ƙarfin zuciyar mai ci ba. Daga 2003 ta matsa wa kamfanoni su riƙa rage gishiri a burodi da sauran abincin kanti kaɗan-kaɗan, kuma zuwa 2011 abin da mutum yake ci a rana ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1, jama'a ba su ma ankara ba. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan gishirin pizza dai ido bai san kima ba, sai an duba abin da aka rubuta a jikin kwali, an kuma je an auna jini.