Laftof Ko Tabulet Ga Ɗalibin Fisiyo? Bari Mu Bi Ta Tarihi

Da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai tambayar da mu masu gyaran waya a nan Katsina muke yawan sha: yarona ko ƙanwata ta samu fisiyo, wato karatun likitan gashi, shin laftof za mu saya ko tabulet? Kuɗin abu ɗaya ne a hannu, wani ma sai an sayar da rago ko an ɗauki adashe. Amsar tana cikin tarihi guda biyu, na shi kansa karatun da kuma na na'urorin, don haka ku ɗan yi haƙuri mu bi su.

Tun kafin asibitin zamani ya zo ƙasar Hausa, idan mutum ya karye ko ya yi targaɗe wajen mai ɗori ake kai shi, kuma har gobe ana zuwa. Gashi irin na asibiti ya shigo Najeriya ne a 1945, lokacin da Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, suna kula da marasa lafiya suna kuma koyar da mataimaka. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, kuma a shekarar ce aka kafa asibitin ƙashi na Dala a Kano. Karatun digiri bai fara ba sai 1966 a Jami'ar Ibadan. Mu a Arewa mun daɗe muna jira. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe makarantar fisiyo ta tarayya a Kano, wadda daga baya ta koma sashe a Jami'ar Bayero, sannan Jami'ar Maiduguri ta biyo baya. Shi ya sa yawancin ma'aikatan gashi 'yan Katsina na farko, idan ka bi sawunsu, hanyar Kano za ka gani. Yanzu kuma an mayar da karatun na shekara shida da sunan DPT, bayan an gama a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki.

Me ɗalibin nan yake yi a shekarun? Na farkon duk hadda ce da kallo. Sai ya san kowane ƙashi da kowace tsoka, inda ta fara da inda ta ƙare, da jijiyar da ke motsa ta. Daga nan a shiga asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Dala, inda zai tsaya kan mai shanyewar ɓarin jiki, ko yaron da shan inna ta taɓa, ko wanda ya yi haɗarin mashin. A ƙarshe ga furojet, mai shafuka da yawa da lissafin alƙaluma. Ku riƙe waɗannan guda uku, kallo da aikin hannu da rubutu, za mu dawo kansu.

Waɗanda suka yi karatun a shekarun 1990 ba su da wannan zaɓi da muke magana a kai. Littafi ne, kuma littattafan sanin sassan jiki manya ne masu tsada. Shahararren cikinsu, Gray's Anatomy, tun 1858 aka fara buga shi. Wanda ba shi da hali sai ya ari na laburare ko na wani babba ya kai fotokofi. Matsalar ita ce fotokofi baƙi da fari ne, alhali a littafin jijiyar jini mai fita daga zuciya ja ce, mai komawa shuɗiya, jijiyar saƙo kuma ruwan ɗorawa. A takardar fotokofi duk sun zama toka-toka. Furojet kuwa da biro ake rubutawa, a kai wa masu buga takardu, su buga, malami ya gyara, a sake komawa a sake biya. Da GSM ta shigo a 2001, sai zamanin kafe ya kankama, ka sayi awa ɗaya, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe.

To, can a ƙasashen waje me ake ciki a lokacin?

Abin mamaki, tunanin tabulet ya riga laftof ɗin da muka sani. A 1972 wani masani ɗan Amurka, Alan Kay, ya fitar da bayanin wata na'ura da ya kira Dynabook, shafaffiya kamar allo, wadda yaro zai riƙe ya yi karatu. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane manufar nan take. Sai dai fasahar lokacin ba ta kai ba, abin ya tsaya a takarda. Wadda ta fara shiga kasuwa da ƙarfi a matsayin kwamfutar ɗauka ita ce Osborne 1 a 1981. Nauyinta kusan kilo 11, sikirin ɗinta inci 5, ƙasa da na wayar da ke hannunka yanzu, kuma sai an jona ta da wuta. Toshiba ta fitar da T1100 a 1985, Sony ta fara sayar da batirin lithium a 1991, IBM ta kawo ThinkPad a 1992. Duka waɗannan don ma'aikacin ofis aka yi su, mai buga wasiƙa da lissafi a cikin jirgi ko otal. Wannan asalin bai bar laftof ba har yau. Na'ura ce ta samar da aiki.

Ita kuwa tabulet ta sha faɗuwa kafin ta tsaya da ƙafarta. An yi GRiDPad a 1989, Apple ta yi Newton a 1993, Microsoft ta gwada Windows mai alƙalami a 2002. Nauyi da tsada da batir mai saurin mutuwa suka hana su karɓuwa. Sai a 2010 da Steve Jobs ya fito da iPad abin ya zauna. Amma iPad ta farko ba ta da kyamara, ba ta da alƙalami, an yi ta ne don kallo da karatu da yawo a intanet. Shi Jobs ma ya taɓa yi wa alƙalamin sikirin ba'a a 2007. Samsung ce ta dawo da martabarsa da Galaxy Note a 2011, Apple ta bi sahu da Apple Pencil a 2015, kuma sai 2018 alƙalamin ya sauko kan iPad mai sauƙin kuɗi. Kun ga ke nan, wannan abin da ɗaliban lafiya suke sha'awa, na rubutu da zane a kan hoton tsoka, ɗan kwanan nan ne.

Kuma gaskiya a wannan fanni tabulet ta yi zarra. Manhajoji irin su Complete Anatomy da Visible Body suna nuna jikin mutum ta kowane ɓangare. Ka juya kafaɗa da yatsa, ka cire fata, ka cire tsoka ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda ƙashin ke motsi idan an ɗaga hannu. Ga ɗalibin da aikinsa gaba ɗaya motsin jiki ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ku sani, cikakkun irin waɗannan manhajoji biya ake yi, galibi duk shekara, kuma da dala.

Najeriya ma ta yi nata gwajin, kuma a nan ne ni a matsayina na mai gyara na fi ganin darasi. A 2007 aka raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima, Abuja, ƙananan laftof masu launin kore na shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya kafa a 2005. An yi ta kiranta laftof ɗin dala 100, amma da aka zo ƙerawa kuɗinta ya kusa ninkawa, kuma babban cinikin da aka sa rai da gwamnati bai tabbata ba. A 2013 gwamnan Osun, Rauf Aregbesola, ya ƙaddamar da Opon Imo, tabulet mai ɗauke da littattafai da tsoffin tambayoyin jarrabawa don 'yan babbar sakandare. Dukansu niyya ce mai kyau. Amma duk na'urar da aka damƙa wa ɗalibi a ƙasar nan, tambayoyi uku ke jiranta: ina zai yi caji, wa zai gyara idan ta lalace, kuma ina za a samo kayan gyaran? Na'urar da ba ta da kayan gyara a kasuwa, ranar da sikirin ya fashe ranar ta mutu.

Abin da ya tilasta wa kowa koyon kwamfuta ba rabon kyauta ba ne, jarrabawa ce. JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 ta koma can gaba ɗaya. Sai kuma 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, ga yajin aikin ASUU daga Maris har Disamba. Daga lokacin karatu ya koma PDF da WhatsApp da Zoom, malami ya daina bayar da takarda, sai dai ya turo wa shugaban aji. Bayan an saki darajar naira a Yunin 2023 kuma, sabuwar laftof ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kowa ya koma kan na hannu.

Su waɗannan na hannun ma akwai tarihinsu. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad suka cika kasuwa, daga Computer Village ta Ikeja har Farm Centre da Beirut Road a Kano, har shagunanmu na nan? Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka ne ke saye da yawa, su yi aiki da su 'yan shekaru, su sauya, 'yan kasuwa su kwaso. Tun asali an ƙera su don a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma saboda yawansu, batir da kibod da sikirin da cajarsu duk ana samu. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita su a kan sabuwar laftof mai arha marar suna.

Yanzu mu dawo kan abubuwan nan uku. A wajen kallo, tabulet ta fi, amma laftof ma tana yi, kuma wayar da ke aljihun ɗalibi tana rage zafi. A wajen aikin asibiti, babu wadda ta fi, don hannu biyu ake buƙata. Ba ka ɗaga ƙafar majiyyaci kana riƙe da iPad. Ƙaramin littafi da biro da waya sun isa, kuma don Allah kada a ɗauki hoton marar lafiya ba da izininsa ba. A wajen rubutu kuwa babu gasa. Furojet yana son Word cikakke, gabatar da aiki a aji yana son a jona furojekta ko a saka filash, lissafin alƙaluma kuma da SPSS aka fi yi, ita kuwa ba ta hawa iPad ko tabulet ɗin Android, sai Windows ko Mac. Mai tabulet kaɗai, a ajin ƙarshe sai ya koma aron laftof, a daidai lokacin da kowa ke buƙatar tasa.

Don haka ra'ayina, idan kuɗin abu ɗaya ne, laftof. Idan Allah Ya hore daga baya, a ƙara da tabulet.

Sai dai akwai tarkon da ya shigo kwanan nan. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ta saba, ita kuma Windows 11 a hukumance tana son furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ɗalibin da zai yi shekara shida bai kamata ya fara da abin da kamfani ya riga ya juya wa baya ba. Kada ka tsaya a kan "Core i5 ce" ko "Core i7 ce" da mai shago zai faɗa maka. Duba lambar da ke bayan layin: i5-8350U zubi na takwas ne, i7-6600U na shida ne duk da sunan i7. Ko a cikin EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 da Latitude 7490, waɗanda galibinsu na takwas ne, ana samun masu na bakwai, saboda haka ka buɗe da kanka ka gani. RAM kada ta gaza 8GB, ma'adana ta zama SSD ta 256GB ko fiye. Batir kuwa, tunda mun san halin wutarmu, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. Ka kuma shiga BIOS a gaban mai shagon ka tabbatar ba a kulle da lambar sirri ba.

Masu naɗewa su zama tabulet, irin su EliteBook x360, suna da daɗi, amma sikirin ɗinsu na taɓawa ya fi tsadar sauyawa, kuma mahaɗin da ke riƙe murfin yana shan wahala.

Wanda kuma ya samu halin ƙarawa da tabulet, ya lissafa har da kuɗin alƙalami. Galaxy Tab S6 Lite tana zuwa da nata a cikin kwali, na iPad daban ake saye. A iPad ta talakawa gilashin sama daban yake da sikirin na ciki, idan ya fashe shi kaɗai za a sauya, amma a Air da Pro a manne suke, duka ake cirewa. Idan ta hannu ce, tun 2013 Apple ta saka makullin iCloud, saboda haka ka sa mai ita ya cire asusunsa, a goge ta gaba ɗaya, ka saka naka a nan wurin kafin kuɗi ya bar hannunka. Wadda ta zo a kulle, ko an kawo mana shago, abin da ya rage shi ne a cire sassanta a sayar.