Tarihin Kafso: Yadda Ya Zo Mana Da Yadda Kaifinsa Ke Dushewa

Mu da muka zo garin nan tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 mun san lokacin da mai tallan magani shi ne likitan unguwa. Zai ɗora faranti a ka, ya zagaya tasha da bakin masallaci. Ciwon ciki ne ko miki, sai ya ɓallo maka kafso biyu, ja da yalo, ka haɗiye da shayi. Wasunmu har buɗe shi muke yi mu barbaɗa a kan gyambo. Sau da yawa kuma ana samun sauƙi, shi ya sa muka yarda da shi.

Asalin abin daga Landan ne. A 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming, a asibitin St Mary's, ya tarar funfuna ta faɗa cikin farantin da yake renon ƙwayoyin bakteriya, duk ƙwayoyin da ke kusa da ita sun mutu. Daga nan aka samo fenisilin, sai dai bai wadata ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan aikin Howard Florey da Ernst Chain a Oxford. Su ukun aka ba lambar Nobel a 1945.

Yadda yake aiki abin a tsaya a duba ne, don akwai ikon Allah a ciki. Ƙwayar bakteriya tana da katanga kewaye da ita, tana kuma cikin gininta kullum. Fenisilin da danginsa, irin su Amoxil da Ampiclox, maginin suke riƙe wa hannu, katanga ta yi rauni, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga, don haka mu ba ya fasa mu. Shi kuwa ja da yalo, wato tetarasaikilin, injin da ƙwayar ke ƙera furotin da shi yake tsayarwa, sai ta kasa girma da hayayyafa. Mura kuwa bairos ke kawo ta, ba ta da katangar ba ta da injin. Duk kafson da muka sha saboda mura, kuɗi kawai muka zubar.

To, su ma ƙwayoyin ba a zaune suke ba. Tun 1940 aka gano wasu na fitar da wani sinadari mai kakkarya fenisilin. Wasu tofar da maganin waje suke yi, wasu su sauya wurin da yake kamawa, kamar wanda ya canza kwaɗon ƙofa. Idan magani ya kashe raunana, masu taurin kan ne ke saura, su cika jiki, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan dabara. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jure shi. Kafso biyun nan na mai faranti, ai shi ke nan abin da ya faɗa.

Mun gani da idonmu a kan taifot. Da kuloramfenikol ne maganinta, ya zo ya daina ci a wurare da yawa, aka koma sifiro, yanzu shi ma ana kuka da shi. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani.

Gwamnati ta taɓa abin. An kafa NAFDAC a 1993, kuma zamanin Dora Akunyili daga 2001 an yi yaƙi da jabun magani, wanda shi ma rabin ƙarfi ne ko babu. Hukumar NCDC da ke Jabi ta jagoranci shirin ƙasa na 2017 zuwa 2022 a kan bijirewar ƙwayoyi, aka ƙaddamar da na biyu a 2024.

Amma mu 'yan kasuwa mun san inda takardar gwamnati ba ta kai. Har yau a layinmu mutum zai shiga kemis ya ce a ba shi Ampiclox na ɗari biyar, a yanko masa huɗu, ba takardar likita, ba gwaji. Mai kiwon kaji yana zuba tetarasaikilin a ruwansu, ya kai kasuwa kafin maganin ya fita daga jikinsu, mu saya mu yanka ranar suna. Makon jiya bayan sallar Isha'i wani maƙwabci ya zo mana da jikarsa, zazzaɓi kwana tara, an sauya mata magani sau uku a kemis. Da safe muka raka su asibiti, aka ɗebi jininta, aka ce a jira kwana uku a ga wane magani ne zai ci ƙwayar.