Yadda Ake Rubuta Saƙon Aiki Na Yau Da Kullum Da Na Labari Mara Daɗi

A Minna, babban birnin Jihar Neja, saƙonnin aiki na fita kowace rana daga wurare irin su hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, wato NECO, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, da bankuna, har zuwa shagunan Kasuwar Kure. Saƙonnin sun kasu gida biyu: na yau da kullum, da kuma masu ɗauke da labari mara daɗi. Kowane kashi da tsarinsa.

Saƙon yau da kullum

Wannan ya ƙunshi odar kaya, da gayyatar taro, da tunatarwa, da shaidar karɓar kuɗi. Ƙa'idarsa ita ce a taƙaita gaisuwa, a faɗi buƙata tun a jimlar farko, sannan adadi da rana da wuri su biyo baya. Misali: "Bayan gaisuwa, muna buƙatar buhun shinkafa 40 daga Bida, su iso shagonmu ranar Litinin kafin azahar." Wanda ya karanta ya san abin da ake so da lokacin da ake sonsa.

Labari mara daɗi

A nan ake samun hana bashi, da ƙarin farashi, da jinkirin kaya, da sallamar ma'aikaci. Tsarin da aka fi bi yana da matakai huɗu: buɗewa cikin mutunci, sai dalili, sai hukunci a fili, sai mafita. Ana gabatar da dalili ne domin mai karatu ya fahimci hukuncin kafin ransa ya ɓaci.

Ga yadda ɗan kasuwa zai iya amsa wa abokin cinikinsa: "Alhaji, mun gode da cinikin da ke tsakaninmu. Da yake kamfanin da ke ba mu kaya ya koma karɓar kuɗi hannu, ba za mu iya ba da bashi a wannan wata ba. Idan ka biya rabi, za mu ajiye maka kayan har mako biyu."

Babban tarko shi ne kunya da kara. Sau da yawa akan rubuta "za mu duba" alhali an riga an yanke hukunci. Mai nema sai ya yi ta zarya daga Kontagora zuwa Minna, yana kashe kuɗin mota a kan abin da babu. Gaskiya ɗaci gare ta, amma jan rai ya fi ta illa ga amana.

Idan kuwa lamarin na gaggawa ne, kamar sanarwar ɗauke wuta irin wadda kamfanin AEDC ke fitarwa, labarin ake fara faɗa: unguwannin da abin ya shafa, da rana, da tsawon lokaci. Ban haƙuri ya zo daga baya.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade wa'adin sallama ga ma'aikatan da dokar ta shafa: kwana 1 ga wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai cika shekara 2 ba, mako 2 ga wanda bai cika shekara 5 ba, sai wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Wa'adin da ya kai mako guda tilas ya kasance a rubuce.

Haka nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana 7 su amsa buƙata, kuma idan sun ƙi, su rubuta dalili.

Dokar Shaida ta 2011 ta amince kotu ta karɓi bayanan da aka samar ta na'ura, bisa wasu sharuɗɗa. Don haka saƙon WhatsApp ma yana iya zama hujja. Kafin a aika, a sake duba suna da adadi da kwanan wata, kuma kada a yi alkawarin da ba za a iya cikawa ba.